A Gangaren Bourgogne, Kowace Gona Da Sunanta

Daga birnin Dijon zuwa ƙauyen Santenay, a gabashin Faransa, akwai wani tudu da ya miƙe daga arewa zuwa kudu tsawon kilomita kusan 60, fuskarsa tana duban gabas. Ba tsauni ba ne da zai sa ka ɗaga kai. In ka shiga jirgin ƙasa daga Dijon za ka Beaune, ta tagar hannun dama za ka riƙa ganinsa: kurmi a bisa kansa, ƙauyuka na dutse a gindinsa, tsakanin kurmin da ƙauyukan kuwa inabi ne jere reras, ba alkama, ba masara, ba makiyaya. A wurare da dama faɗin gonakin bai cika kilomita ɗaya ba. A kan wannan 'yar siririyar ƙasa ake noman inabin da ake yin jar giyar da ta fi kowace tsada a duniya, kuma mutanen yankin, wanda ake kira Bourgogne, sun haura shekara dubu suna wannan sana'a a wuri ɗaya.

Ɗan yayata ne ya ja ni can. Yana karatun ilimin ƙasar noma a Dijon, ya kuma daɗe yana ce mini a waya, "Kawu, kai da kake rubutu kan noma, in kana son ganin mutanen da suka san ƙasarsu ciki da bai, ka zo a watan Satumba, lokacin tsinkar inabi." Ni Musulmi ne, ba na shan giya, ban kuma kai ta bakina ba a can; hukuncinta a wurina a sarari yake, tafiyar ba ta taɓa shi ba. Noma ne ya kai ni, manoma kuma na je gani. Sai dai tunda abin da suke nomawa a kwalba yake ƙarewa, labarinsu ba zai cika ba sai na shiga da mai karatu har inda suke ajiye kwalaben.

Da muka isa ƙauyen Vosne-Romanée bai bar ni na tsaya kallon gidaje ba, sai ya kama wata turba da ta haura tudu, yana tafe yana cewa in riƙa duban ƙarƙashin takalmina. A gindin tudun laka ce mai zurfi, tana riƙe ruwa. Itacen inabi yakan ci ya ƙoshi, sai ya zuba 'ya'ya da yawa marasa kauri. A can ƙoli ƙasar ba ta da zurfi kafin a tarar da dutse, ga iska mai sanyi, inabin ba ya saurin nuna. Albarkar tana tsakiya, wajen mita 250 zuwa 300 sama da teku, inda gangaren ke zubar da ruwan sama da kansa, rana kuma ta sauka tun da sanyin safiya ta busar da raɓa. Dutsen da ke ƙarƙashi irin na farar ƙasa ne, ya taru a gindin wani teku da ya rufe wurin miliyoyin shekaru da suka wuce. Yaron ya tsinto wani ɓalli ya nuna mini tambarin ƙwanson wata halittar ruwa a jikinsa. Shimfiɗun dutsen nan sun karye sun goce wa juna tun zamanin da, shi ya sa taku ashirin kan iya fitar da kai daga ƙasa iri ɗaya ya kai ka wata dabam.

Mutanen nan sun bi waɗannan bambance-bambance ɗaya bayan ɗaya, suka shata wa kowane yanki iyaka, suka raɗa masa suna. Climat suke kiran irin wannan yanki, kuma guda 1,247 ne hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. A jikin kwalba sunan gonar ake rubutawa da manyan haruffa, sunan mai ita ya biyo baya. Gonakin hawa-hawa ne a doka: akwai na gama-gari, akwai masu ɗaukar sunan ƙauye, akwai na daraja ta ɗaya, sannan guda 33 a duk faɗin yankin da ke sama da kowa, waɗanda ake kira grand cru.

A tsakiyar gangaren Vosne muka tarar da wata gajeriyar katanga da gicciye na dutse a gefenta, baƙi daga Japan da Amurka suna tsaye a bakin hanya suna ɗaukar hoto, ba mai ɗaga murya. Gonar Romanée-Conti ke nan. Duk girmanta hekta 1.8 ne. Yariman Conti ya saye ta a 1760 ya daina sayar da giyarta, sai dai a kai teburinsa. Yau kwalba dubu biyar zuwa shida take bayarwa a shekara, duniya kuma tana rububinsu. Ban ga shingen waya ba, ban ga mai gadi ba, sai wani ɗan allo da ke roƙon baƙo ya tsaya a hanya kada ya shiga. Da doki ake huɗarta, don kada nauyin tarakta ya danne ƙasar. Richebourg tana maƙwabtaka da ita ta arewa, Romanée-Saint-Vivant tana ƙasanta, turba ce kawai tsakani. Inabin iri ɗaya ne, ruwan sama ɗaya, masu aikin ma sau da yawa su ne dai, amma masu sanin abin sun dage cewa giyar ukun ba ta kama da juna a baki.

Mai shakka zai ce dabarar 'yan kasuwa ce kawai. A kan giyar ba ni da bakin magana, amma a kan 'ya'yan inabin ina da shi. Akwai wani gida a wani ƙauye kusa da Nuits-Saint-Georges da ɗan yayata ke auna ƙasar gonakinsu, su suka karɓe mu. Maigidan dattijo ne da ya haura saba'in, ya riga ya miƙa wa 'yarsa ragamar aiki, amma ƙafarsa ba ta daina zagaya gona ba. Ya tsinko mini nonon inabi ɗaya daga gonarsu ta gindin tudu, muka ɗan haura sama, ya tsinko wani. Na farkon manya ne, ruwa-ruwa, zaƙinsu yana wucewa nan da nan. Na biyun ƙanana ne, ɓawonsu ya fi kauri, zaƙi da tsami suna tafe tare, bauri kuma yana zama a dasashi bayan an haɗiye. Ya ce in tauna ƙwayar cikin: in ta yi ruwan ƙasa tana ƙaras-ƙaras, inabi ya nuna; in koriya ce mai ɗaci, a ƙara masa kwanaki. Duka biyun irin inabin da ake kira pinot noir ne, shekarun itatuwan ma kusan ɗaya. Gani ya kori ji.

Wannan sani ba a shekara goma aka tara shi ba, kuma 'yan zuhudu na Kirista suna da babban rabo a cikinsa. A 1098 aka kafa gidan zuhudu na Cîteaux kudu da Dijon, ba a daɗe ba masu ƙasa suka fara ba su kyautar gonaki a gangaren. Suna da abin da manomi gama-gari ba shi da shi a wancan zamani: sun iya rubutu, ba su da 'ya'yan da za su raba gado, kuma gidansu ba ya mutuwa don mutum ɗaya ya mutu. Abin da wani ya koya game da wata kusurwar gona ba ya binsa kabari. Suka yi ta haɗa gona da gona a Vougeot har suka kewaye hekta 50 da katangar dutse, aka gama ta a 1336. Tana nan tsaye. A ginin da ke cikinta na ga manyan na'urorin matsar inabi guda huɗu, na katako zalla, gungumen kowace ya fi ƙarfin mutum goma. Masu mulki ma sun sa baki. A 1395 Philippe le Hardi, mai sarautar Bourgogne, ya ba da umarnin a tumɓuke wani irin inabi mai suna gamay, don yana zuba 'ya'ya barkatai amma giyarsa tana zubar da sunan ƙasar, a bar pinot noir mai rowar 'ya'ya. Har yau da pinot noir ake yin jar giyar wannan gangare.

Juyin juya halin 1789 ya ƙwace gonakin coci da na 'yan sarauta aka yi gwanjonsu, dokar gado ta zamanin Napoleon kuma, ta 1804, ta wajabta raba dukiya tsakanin 'ya'ya. Sai gonaki suka yi ta tsagewa. Clos de Vougeot da ta kasance ta gida ɗaya yanzu tana hannun mutum wajen 80, wasunsu layuka kaɗan gare su. An raba, an sayar, an sake rabawa, amma sunayen gonakin da iyakokinsu suna nan inda aka san su.

Lokacin tsinka gangaren cike yake da mutane. Itace dubu goma ake dasawa a hekta, ba a kuma barinsa ya yi tsawo, don haka a duƙe ake yini, almakashi a hannu, bokiti a gefe, masu dako suna bin layi da manyan kwanduna a goye. Dattijon ba ya lissafi da hekta sai in an tambaye shi. Da ouvrée yake auna gona, wato abin da mutum ɗaya zai nome a yini, 24 ke cika hekta. Pinot noir inabi ne mai wuyar sha'ani: ɓawonsa siriri, 'ya'yansa a cunkushe, ruwan sama kaɗan gab da tsinka sai ruɓa ta shiga. Shi ya sa a ƙofar ɗakin aiki akwai dogon tebur da ake zube kowane kwando a kai, mutane a gefe biyu suna tsince ruɓaɓɓe da wanda bai nuna ba, 'yar dattijon tana tsaye a ƙarshe, ba nonon da ke wuce ta ba ta duba ba. Da rana ta take aka jera abinci a tsakar gida. Ba wanda ya nemi in maimaita dalilina na ƙin shan giya. Sai 'yar dattijon ta kawo mini kofin ruwan inabin da aka matse a safiyar, mai sanyi da zaƙi, na ci burodi da cuku da shi.

Inabin yakan yi mako biyu zuwa uku a manyan randuna na katako ko na ƙarfe yana tsima yana kumfa tare da ɓawonsa, don daga ɓawon ake samun launi da bauri. Ruwan cikin ɗan inabin fari ne. Daga nan sai ganga. Gangar Bourgogne lita 228 take ci, kwalba 300 ke nan. Na leƙa wurin masu haɗa ta kusa da Beaune. Da itacen oak ake yi, mafi daraja daga dazuzzuka irin na Tronçais a tsakiyar Faransa, wanda minista Colbert ya sa aka tsara renonsa a 1670 don sarakunan da ba a haifa ba su sami katakon jiragen ruwan yaƙi. Jiragen katako suka wuce, itatuwan suka zama rabon masu ganga. Ba a saran itace sai ya kai shekara 150 zuwa 200. Faskara shi ake yi, ba yanka da zarto ba, don kada ya yi yoyo, a jera a fili rana da ruwa su dake shi shekara biyu ko uku, sannan a lanƙwasa shi a kan wuta. Ba ƙusa, ba gam, sai zoben ƙarfe. Giya takan zauna a ciki wata 12 zuwa 18, tana shaƙar iska kaɗan-kaɗan ta jikin katakon, tana raguwa ana cika ta.

Wata yamma baƙi biyu suka zo gidan, wata mai gidan abinci daga Lyon da wani ɗan kasuwa daga Beljiyam da ya gaji ciniki da gidan daga mahaifinsa. Dattijon ya ɗauki fitila ya ce mu biyo shi. Matakala ce ta dutse, tana sauka zuwa wani ɗaki mai rufin baka a ƙarƙashin gidan, sanyinsa wajen digiri 12 rani da hunturu, bangonsa ya yi baƙi da fumfuna. Bayan gangunan akwai ramuka a jikin bango da kwalabe ke kwance a ciki. Kwantar da su ake yi don toshiyarsu ta ɓawon itace kada ta bushe iska ta shiga. Ba takarda a jikinsu, sai ɗan allo a bakin kowane rami da aka rubuta shekara da alli. Ya wuce 2005, ya wuce 1990, ya tsaya a 1978.

Yadda ya ɗauko ta ma abin kallo ne. Bai miƙar da ita tsaye ba, a kishingiɗe ya kawo ta cikin ɗan kwando. Ya zare toshiyar a hankali don ta yi laushi da tsufa, ya kunna kyandir a bayan wuyan kwalbar yana tsiyayawa yana dubawa, da ya ga gwiɓar da ta kwanta ta fara tasowa sai ya tsaya. Ya ajiye kofin kusa da na giyar bara da ya zuƙo daga ganga. A nan ido ya ishe ni shaida. Ta bara ja ce mai duhu, tana ɗaukar shunayya. Ta 1978 ta koɗe, ana hango yatsa ta cikinta, bakinta ya koma launin jan bulo.

Baƙin ba su yi gaggawar sha ba. Suka juya kofin, suka kai hanci, suka yi shiru, suka sake juyawa. Da suka kurɓa sai suka riƙe ta a baki suna jan iska ta tsakanin haƙora. Ta ganga sun tofar da ita a kan tsakuwar ɗakin, yadda masu wannan aiki suka saba. Tsohuwar kaɗai suka haɗiye. Ɗan yayata yana fassara mini a kunne. Matar ta ce tana jin busassun 'ya'yan ceri, da ganyen da ya zuba a kurmi ya jiƙa, da naman kaza, da fatar da aka jeme. Mutumin ya ce baurin ya narke sarai, tsamin ne ya riƙe ta da rai, ɗanɗanon kuma yana nan a maƙogwaronsa bayan ya daɗe da haɗiyewa. Da aka jima suka koma kan kofin suka ce ta canza, wani ƙamshi ya tafi wani ya fito. Dattijon ya ce kada su yi sanya, giyar da ta haura shekara arba'in a rufe ba ta jure iska.

Ba kowace giya ke tsufa haka ba. Mafi yawan wadda ake yi a duniya in ta wuce 'yan shekaru lalacewa take yi. Mai daɗewa ita ce wadda ta fito daga gona da isasshen tsami da bauri, su ke tsare ta. A cikin duhu da sanyi baurin yana haɗuwa da launin su kwanta a gindi, ƙamshin ɗanyen 'ya'yan itace ya ja baya wani ya maye gurbinsa. Ba mai iya hanzarta wannan, kuma wanda ya rufe kwalbar yakan san wataƙila ba shi zai buɗe ta ba.

Sai dattijon ya haura sama ya dawo da wani tsohon littafi mai bangon baƙin yadi, rubutun hannun mahaifinsa. Ya buɗe shafin 1978 ya riƙa karantawa: sanyi ya daɗe bai tafi ba, fure ya makara, watannin zafi ba su yi zafi ba, har mutane suka fara fid da rai, sai Satumba ta zo da rana, Oktoba ma haka, ba a fara tsinka ba sai cikin Oktoba. An rubuta ranar da aka shiga kowace gona, ganga nawa ta bayar, mutum nawa suka yi aiki. Ɗan yayata ya raɗa mini: "Kawu, ya ce a shekarar ne mahaifinsa ya fara barinsa ya yi wa itatuwan gonar tudu aski shi kaɗai." Daga nan hira ta koma kan shekaru, farin 1976, zafin 2003, wace gona ta jure wace ta gaza. Mutane a tsaye a ƙarƙashin ƙasa, kwalba ɗaya tsakaninsu, ba su ma ƙarar da ita ba, suna maganar ruwa da ranar da aka yi kafin a haifi wasunsu. A nan na gane abin da suke nema a tsohuwar kwalba: shekara ɗaya ce ta gona ɗaya, da abin da sama ta yi mata da abin da hannu ya yi, aka rufe aka ajiye, littafin kuma yana gefe don a gwada a ga ko sun yi daidai.

Ba haka duk Faransa ke shan giya ba. Hukumar lafiyar ƙasar ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum 41,000 a 2015 kaɗai, kuma tun 1991 suke da doka mai tsanani kan tallarta. Su ma sun san ɓarnarta. Abin da na gani a wannan ɗaki ƙaramin ɓangare ne na labarin, sai dai shi ne ɓangaren da manomi ke ciki.

A Beaune garin ma a kan ɗakunan ajiya yake zaune. Gidan Bouchard Père et Fils, da aka kafa a 1731, yana ajiye nasa a cikin ganuwar wani tsohon sansani na ƙarni na 15, kuma yana da kwalabe na ƙarni na 19, har da ta 1846. Lokaci-lokaci akan buɗe su a canza musu toshiya. Irin waɗannan suna da daraja ta dabam, don itatuwan da suka haife su sun ƙare. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro da ido ke gani da ƙyar, filoksera, ya shigo Faransa a jikin dashen da aka kawo daga Amurka. Saiwa yake ci, itace ya bushe a tsaye. Masanin tsirrai Jules-Émile Planchon ya gano shi a 1868, ya iso gangaren nan ta Meursault a 1878, ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya. An gwada cika gona da ruwa, an gwada ɗura guba a ƙasa. Abin da ya yi magani a ƙarshe shi ne aure, kamar yadda muke yi wa mangwaro: saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, a ƙasa, reshen pinot noir a sama. An yi ta ja-in-ja a Bourgogne kafin a yarda, ba a halatta shi ba sai 1887. Yau in ka duba gindin kusan kowane itace a gangaren za ka ga kumburin wurin haɗin. Romanée-Conti ta riƙe tsofaffin saiwoyinta har 1945, lokacin da yaƙi ya hana samun maganin da ake ɗura musu. Kwalba 600 kawai ta bayar a shekarar, aka tumɓuke gonar, ba ta sake fitar da giya ba sai 1952. A Oktoban 2018 aka sayar da ɗaya daga cikin 600 ɗin nan a gwanjo a New York kan dala 558,000.

Wannan farashi bai burge ni ba, dattijon ma da aka ambata masa shi kai kawai ya girgiza. Kwalbar da ta kai haka ta bar hannun manomi ta koma ta masu ajiyar dukiya. Inda kuɗi ya taru kuwa ɓarawo ba ya nisa. A 2008 aka sa wasu kwalabe a gwanjo a New York da sunan gidan Ponsot, na gonar Clos Saint-Denis, an rubuta musu shekaru daga 1945 zuwa 1971. Laurent Ponsot ya hau jirgi ya je zauren da kansa aka janye su, hujjarsa kuwa gajeriya ce: gidansu bai fara yin giya daga wannan gona ba sai 1982. Wanda ya kawo su, Rudy Kurniawan, a gidansa na California yake haɗa su. Kotun Amurka ta ɗaure shi shekara goma a 2014. Attajiran da ke ji da harshensu sun daɗe suna shan jabu suna yabawa, sai gidan da ya san tarihin gonarsa shekara-shekara ne ya tona asirin.

Ɗakunan ƙarƙashin ƙasar Beaune sun taɓa ceton rai ma. Gab da shigowar sojojin Jamus a 1940, Maurice Drouhin, wani babban mai wannan sana'a, ya gina bango ya ɓoye mafi darajar kwalabensa a bayansa. Da 'yan sandan ciki na Jamus suka zo kama shi a 1944, ta waɗannan ɗakuna ya sulale ya ɓuya a asibitin garin.

Asibitin nan shi na fi so a Beaune. Nicolas Rolin, wazirin mai sarautar Bourgogne, da matarsa Guigone de Salins suka kafa shi a 1443 don talakawa, lokacin da yaƙin shekara ɗari tsakanin Faransa da Ingila ya bar yankin cikin yunwa. Daga waje bango ne mai duhu, sai ka shiga tsakar gida ka ɗaga kai ka ga rufi na tangaran mai launi, ja da kore da rawaya da baƙi, an tsara su zane-zane. Babban zauren marasa lafiya tsawonsa wajen mita 50 ne, gadaje masu jan labule jere a gefe biyu. Asibitin bai tashi daga ginin ba sai 1971. Tun 1457 mutane suka fara yi masa waƙafin gonakin inabi har suka kai hekta 60. Drouhin ma bayan yaƙi ya ba da tasa don godiya. Tun 1859 ake gwanjon giyar gonakin, yanzu a Lahadi ta uku ta Nuwamba, kuɗin yana tafiya wajen jinya da kula da tsofaffi, kuma a 2022 ya haura Yuro miliyan 28. Abin da ake sayarwa ba abin da zan saya ba ne. Amma gonakin da aka fara bayarwa fiye da shekara 560 da suka wuce suna sayen kayan asibiti yau, sun ratsa juyin juya hali da yaƙe-yaƙe, ba su salwanta a hanya ba. Wannan riƙon amana ya cancanci yabo daga kowa.

Mutanen gangaren suna da damuwarsu. Daga tsofaffin takardun Beaune masana sun haɗa ranakun fara tsinka tun daga 1354, suka wallafa a 2019 cewa daga 1988 ana farawa da kwana 13 kafin lokacin da aka saba a ƙarni shida da suka gabata. A 2003 cikin Agusta aka tsinka. Hunturu mai sauƙi yana sa itace ya yi toho da wuri, sai sanyin Afrilu ya zo ya ƙone tohon. A Afrilun 2021 manoma suka kwana a gonaki suna kunna dubban gwangwanayen kyandir tsakanin layuka, duk da haka asarar ta yi yawa. Ƙauyukan Volnay da Pommard kuwa ƙanƙara ta dake su shekara uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. Ga kuma tsadar ƙasa. Clos de Tart, hekta 7.5, da mata 'yan zuhudu suka kafa a 1141, sau uku kawai ta canza hannu. Na ƙarshe a 2017, da attajiri François Pinault ya saye ta, rahotanni suka ce a kan sama da Yuro miliyan 200. In maƙwabci ya sayar haka, darajar gonar kowa ta tashi, harajin gado ma ya bi ta. 'Yar dattijon ta ce abin da ke hana ta barci ke nan, ko 'ya'yanta za su iya biya ba tare da sun yanki gona sun sayar ba.

Duk da haka shirin dashe take yi. Ta kai mu wata gona a tsakiyar gangare da babu komai a cikinta sai ciyawa. Kakanta ne ya dasa ta, itatuwan suka tsufa, ta tumɓuke su, za ta bar ƙasar ta huta wasu shekaru kafin ta sake dasawa. Sabon dashe ba ya ba da 'ya'yan da za a ɗauka sai shekara ta uku, ba ya kai ƙarfinsa sai ya doshi ashirin. A nan ɗan yayata ya haƙa raminsa, zurfin ƙugu, yana auna kaurin laka da yawan farar ƙasa, don su za su nuna irin saiwar da za a aura. Wata da aka dasa da yawa a yankin, mai lamba 161-49, ta fara mutuwa a gonaki da dama, ana kuma zargin fari da zafi suna cikin dalilan. Shi yana ba da shawarar wata mai jure fari. Ita tana tsoron irin wannan saiwa za ta sa itacen ya yi ƙarfi fiye da kima ya ɓata inabin. Dattijon kuma yana so a raba gonar biyu a gwada kowace. Lokacin jirgina ya yi ba su daidaita ba, sai dai sun tsayar da cewa in an gama tsinka za a haƙa wani ramin a ƙasan gonar kafin a yanke shawara.